Cif Obafemi Awolowo (1909–1987): An Hana Shi Magana a Rediyo, Ya Kafa Gidan Talabijin

Gabatarwa

A kowace ranar 1 ga watan Oktoba, ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, ma'aikata da 'yan makaranta sukan huta, shugaban ƙasa kuma yakan yi wa jama'a jawabi da sassafe ta gidajen rediyo da talabijin. Mun taso mun tarar da wannan al'ada, shi ya sa ba kasafai muke tambayar inda ta samo asali ba. Alhali kuwa a ranar 1 ga Oktoba 1960 gwamnatin tarayya ba ta da gidan talabijin ko guda ɗaya. Gidan da ya kusa shekara yana aiki a wannan lokaci yana Ibadan ne, kuma gwamnatin Jihar Yamma ce ta kafa shi a ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa rasuwa, tana mai da hankali a kan dalilin da ya sa ya kafa wannan gida, da abin da gidan ya zama bayan ya fita daga hannunsa, da kuma halin da ranar 'yanci ta riƙa iske shi a ciki shekara bayan shekara.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Jeremiah Obafemi Awolowo ranar 6 ga Maris 1909 a garin Ikenne na ƙasar Remo, wanda yanzu yake cikin Jihar Ogun. Mahaifinsa, David Sopolu Awolowo, manomi ne kuma mai yankan katako, yana daga cikin waɗanda suka fara karɓar addinin Kirista a garin. A shekarar 1920 cutar agana ta yi ajalin mahaifin, yaron yana da shekara 11 kacal. Daga nan karatu ya zame masa na faɗi-tashi. Ya koma Abekuta, inda ya yi aikatau a gidajen mutane, ya kuma sayar da itace domin ya sami kuɗin makaranta. A 1927 ya shiga Kwalejin Wesley ta Ibadan, mai horar da malamai, amma bai daɗe a cikinta ba.

A wancan zamani babbar ranar bikin 'yan makaranta ita ce 24 ga Mayu, wato Ranar Daular Ingila, wadda aka ɗora a kan ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya. Yara sukan yi fareti a gaban jami'in Bature, su sara wa tutar Ingila, a yi tsere da wasanni. Ke nan ranar da ake murna da ita ta baƙi ce, muryar da ake saurare ma ta baƙi ce. A cikin wannan yanayi Awolowo da tsararrakinsa suka yi wayo.

Neman Abin Kai da Karatun Lauya

Bayan barin makaranta babu irin aikin da bai taɓa ba. Ya koyar, ya yi akawu, ya koyi buga tafireta da rubutun gaggawa, ya kuma yi aikin ɗauko labarai a jaridar Daily Times a 1934. Daga baya ya shiga cinikin koko da harkar motocin sufuri. Kasuwar koko ta faɗi a ƙarshen shekarun 1930, bashi ya yi masa katutu, har aka yi gwanjon wasu kadarorinsa. A ranar 26 ga Disamba 1937 ya auri Hannah Idowu Dideolu, wadda aka fi sani da H.I.D., 'yar kasuwa ce da ta riƙe gida a duk lokacin da mijin ya shiga matsi.

Duk da wannan wahala bai bar karatu ba. Ya yi ta karatu a gida ta hanyar wasiƙa har ya sami digirin kasuwanci na Jami'ar Landan a 1944. A wannan shekara ya tafi Ingila karatun lauya, ya kammala a watan Nuwamba 1946. Yana can ne, a 1945, shi da wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar Egbe Omo Oduduwa domin haɗa kan Yarbawa. A 1947 aka buga littafinsa na farko, Path to Nigerian Freedom, inda ya kawo hujjar cewa ƙasa mai harsuna da yawa kamar Nijeriya ba abin da zai dace da ita sai tsarin tarayya, kowace al'umma ta riƙe harkokin gidanta. Wannan ra'ayi bai taɓa sauka daga kansa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Da ya dawo gida ya zauna a Ibadan yana aikin lauya. A watan Nuwamba 1949 ya kafa jaridar Nigerian Tribune, wadda har yau take fitowa. A 1951 ya fito da jam'iyyar Action Group, wato AG, wadda ta kafa gwamnati a Jihar Yamma a 1952. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a lokacin jihohi uku ne kawai a ƙasar, Arewa da Gabas da Yamma, kuma har yanzu Turawa ne ke riƙe da wuƙa da nama.

Rikicin 1953 da Maganar Rediyo

A ranar 31 ga Maris 1953 wani ɗan AG, Anthony Enahoro, ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Wakilai ta Legas cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya kawo gyara cewa kada a yanke shekara, a bari sai lokacin da ya dace, domin Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin boko da za su maye gurbin Turawa. Muhawara ta yi zafi, 'yan AG da na NCNC suka fice daga majalisa, ministocin AG guda huɗu na gwamnatin tsakiya suka ajiye aiki. Jama'ar Legas suka yi wa wakilan Arewa ihu a kan titi, abin da ya yi wa Arewa ciwo ƙwarai. A watan Mayu, da tawagar AG ƙarƙashin Samuel Ladoke Akintola ta je Kano domin yin taro, sai faɗa ya ɓarke na kwana huɗu, inda alƙaluman hukuma suka nuna an rasa rayuka 36, aka raunata mutum 241.

A tsakiyar wannan rikici ne wani abu ya faru wanda a ido ƙarami ne. Gwamnan Nijeriya, Sir John Macpherson, ya shiga gidan rediyon gwamnati ya yi jawabi yana ɗora laifi a kan AG da shugabanninta. Gidan rediyo ɗaya ne a ƙasar, wanda aka kafa a 1951, kuma yana ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka. Awolowo ya nemi a ba shi lokaci a wannan gida ya mayar da martani, aka hana shi. Yana da jarida, amma jarida sai wanda ya iya karatu, rediyo kuwa kowa yana ji. Ya ga cewa wanda ke riƙe da gidan rediyo zai iya yi maka shari'a a gaban jama'a ba tare da an ji ta bakinka ba.

Da aka je taron gyaran tsarin mulki a Landan a watannin Yuli da Agusta 1953, aka kuma ci gaba da shi a Legas a farkon 1954, sai aka sa harkar watsa labarai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya da na jihohi duk suke da ikon yi. Sabon tsarin mulkin ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1954, kuma a ƙarƙashinsa ne Awolowo ya zama Firimiyan Jihar Yamma. Ƙofar da aka rufe masa a 1953 ke nan ta buɗe ta wata fuska.

Firimiyan Jihar Yamma

Kafin ya waiwayi talabijin, makaranta ya fara sa wa hannu. A watan Janairu 1955 gwamnatinsa ta fara ba da ilimin firamare kyauta, ministan ilimi kuwa shi ne S. O. Awokoya. Yawan ɗaliban firamare ya tashi daga wajen 457,000 a 1954 zuwa fiye da 811,000 a 1955, kafin 1959 ya wuce miliyan 1. An ba yara 'yan ƙasa da shekara 18 magani kyauta, aka kuma yanke wa leburorin gwamnati mafi ƙarancin lada na sule 5 a rana. Kuɗin waɗannan ayyuka ya fito ne daga haraji da kuma rarar hukumar cinikin koko. Ƙarin harajin bai yi wa mutane daɗi ba, har AG ta sha kaye a Yamma a zaɓen tarayya na 1954, amma gwamnatin ba ta janye shirin ba.

Ranar 8 ga Agusta 1957 Jihar Yamma da ta Gabas suka sami mulkin kai na cikin gida. Jihar Arewa ta sami nata ranar 15 ga Maris 1959. Wato kafin a sami rana ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, kowace jiha tana da tata ranar murna. Haka nan kowace jiha ta shiga gasar nuna wa sauran abin da za ta iya, kuma a cikin wannan gasa ne talabijin ta zo.

Ranar 31 ga Oktoba 1959

Gwamnatin Yamma ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila mai suna Overseas Rediffusion, kowa ya zuba rabin jari. Aka gina ɗakunan shirye-shirye a unguwar Agodi ta Ibadan, aka kafa na'urar watsawa ɗaya a Ibadan, ɗaya kuma a Abafon kusa da Ikorodu domin mutanen Legas su kama. Ranar 31 ga Oktoba 1959 aka buɗe gidan da sunan WNTV. Fuskar farko da masu kallo suka gani a matsayin mai gabatarwa ita ce ta Anike Agbaje-Williams, wadda ta rasu a 2025. Gidan rediyon jihar, WNBS, ya biyo baya a watan Mayu 1960.

Taken gidan yana cewa shi ne na farko a Afirka. A nan akwai ɗan gyara, domin an riga an yi talabijin a Maroko a 1954, da Aljeriya a 1956, duk a zamanin mulkin Faransa. Abin da babu jayayya a kansa shi ne WNTV ne gidan talabijin na farko da gwamnatin baƙar fata ta kafa wa jama'arta a kudu da Sahara. Masar ta fara nata a 1960, Gana a 1965, Afirka ta Kudu kuwa sai a 1976.

Masu suka ba su yi shiru ba. Wasu sun ce almubazzaranci ne a ƙasar da yawancin garuruwa ba su da wutar lantarki, akwatin talabijin kuma sai mai hali. Wasu sun ce siyasa ce tsagwaronta, tun da saura mako shida a yi babban zaɓen tarayya. Awolowo ya kare aikin da cewa yana son gidan ya zama malami kafin ya zama mai nishaɗantarwa, ya ci gaba daga inda ilimin kyauta ya tsaya. Dukan ɓangarorin suna da ƙamshin gaskiya. An yi shirye-shiryen makarantu, an kuma kafa wuraren kallo na jama'a, amma 'yan sa'o'in da gidan ke aiki da yamma finafinan Amurka da na Ingila ne suka cinye kaso mai yawa, hoton kuma baƙi da fari ne. Abokan hulɗar ma ba su daɗe tare ba, domin kamfanin riba yake nema, gwamnati kuwa tana son a yi mata hidima, daga ƙarshe gwamnati ta saye hannun jarin kamfanin.

Ga mu ɗaliban harshe, babban abin lura shi ne ƙofar da gidan ya buɗe wa wasan kwaikwayo. A watan Agusta 1960 Segun Olusola ya shirya wasan Wole Soyinka mai suna My Father's Burden, wanda ake lissafa shi a matsayin wasan talabijin na farko da ɗan Nijeriya ya rubuta. Masu yawon wasa da harshen Yarbanci, irin su Hubert Ogunde da Duro Ladipo da Kola Ogunmola da Moses Olaiya, wato Baba Sala, waɗanda a da sai sun bi gari-gari da mota, sai ga su suna shiga gidajen mutane ta cikin akwati.

Sauran jihohi ba su yarda a bar su a baya ba. Jihar Gabas ta buɗe nata gidan a Inugu a watan Oktoba 1960. Gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, tare da kamfanonin Ingila na Granada da EMI, kuma daga wannan gida ne daga baya wasannin Hausa irin su Samanja na Usman Baba Pategi suka yi fice. Gwamnatin tarayya ita ce ta zo ƙarshe, a watan Afrilu 1962 a Legas.

Ranar 'Yanci a Kujerar Adawa

Awolowo bai daɗe yana cin moriyar gidan da ya gina ba. Burinsa shi ne ya zama Firayim Minista, saboda haka ya bar wa mataimakinsa Akintola kujerar Firimiya, ya shiga zaɓen tarayya na 12 ga Disamba 1959. Ya yi yaƙin neman zaɓe irin wanda ba a saba gani ba, yana sauka ƙauyukan Arewa da jirgi mai saukar ungulu, jiragen sama kuma suna rubuta sunan jam'iyya da hayaƙi a sararin sama. Ya ƙulla ƙawance da UMBC ta Joseph Tarka da ƙungiyar matasan Borno ta Ibrahim Imam. Sarakuna da shugabannin NPC sun ɗauki wannan a matsayin cin fuska, kuma tabon ya daɗe bai goge ba. AG ta sami kujeru 73, ciki har da 25 daga Arewa, amma ta zo ta uku. NPC da NCNC suka kafa gwamnati, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista.

Don haka a daren 30 ga Satumba 1960, lokacin da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga mai kore da fari a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, Awolowo madugun 'yan adawa ne. Gimbiya Alexandra ta miƙa takardun 'yanci, Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi. Mutumin da jam'iyyarsa ta fara neman a yanke ranar mulkin kai, ranar ta zo ta same shi a gefe.

Gidan Ya Juya Masa Baya

A 1962 saɓani tsakaninsa da Akintola ya fito fili, jam'iyya ta dare biyu. Aka ba hammata iska a majalisar Ibadan, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Yamma ranar 29 ga Mayu 1962, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma, aka taƙaita zirga-zirgar Awolowo. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Coker ta gano cewa an karkatar da kuɗin hukumomin jihar zuwa asusun AG ta hanyar wani kamfanin gine-gine da zuba jari, ta ɗora wa Awolowo alhaki, ta wanke Akintola. Magoya bayansa sun ce bita-da-ƙulli ne, abokan hamayyarsa sun ce gaskiya ce ta yi halinta. Kafin ƙura ta lafa aka gurfanar da shi tare da wasu bisa tuhumar shirya kifar da gwamnati. Ana cikin shari'ar, babban ɗansa Segun, wanda lauya ne, ya rasu a haɗarin mota a watan Yuli 1963. Ranar 11 ga Satumba 1963 Mai Shari'a George Sowemimo ya yanke masa ɗaurin shekara 10. Kwana ashirin bayan haka, ranar 1 ga Oktoba 1963, Nijeriya ta zama jamhuriya, Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa, shi kuwa Awolowo yana kurkuku. Daga baya aka mai da shi gidan yarin Kalaba.

A wannan lokaci WNTV da WNBS suna hannun gwamnatin Akintola, domin dokar da ta kafa su ta sa su a ƙarƙashin duk wanda ke mulkin jihar. A 1964, da Hubert Ogunde ya yi wasan Yoruba Ronu, wanda kowa ya gane habaici ne ga masu mulki, aka hana ƙungiyarsa wasa a faɗin jihar, aka kuma daina sa waƙoƙinsa a gidajen biyu. A zaɓen jihar na Oktoba 1965, wanda aka yi ta kukan an tabka maguɗi a cikinsa, gidan rediyon Yamma yana faɗin sakamako iri ɗaya, na Gabas yana faɗin wani daban. A wannan wata ne wani mutum ɗauke da bindiga ya shiga gidan rediyon tarayya na Ibadan ya sa aka cire jawabin Firimiya aka sa wani kaset. An tuhumi Wole Soyinka da wannan aiki, amma Mai Shari'a Kayode Eso ya sallame shi. Gidan da aka gina saboda an hana ɗan adawa magana, shi ma ya koma yana hana 'yan adawa magana. Wannan shi ne giɓin da Awolowo ya bari: ya ƙwato wa jiharsa murya daga hannun Turawa, amma bai yi wa gidan katangar da za ta tsare shi daga gwamnatin da ke kai ba, tasa ce ko ta wani.

Yaƙin Basasa da Mulkin Soja

A kurkuku ya rubuta littafin Thoughts on Nigerian Constitution, inda ya sake kiran a ƙirƙiro jihohi bisa la'akari da harsuna. Bayan juyin mulki biyu na 1966, Yakubu Gowon ya sake shi a farkon watan Agusta na wannan shekara. Daga 1967 zuwa 1971 ya riƙe muƙamin Kwamishinan Kuɗi na Tarayya da mataimakin shugaban Majalisar Zartarwa. Ana yaba masa cewa an yi yaƙin basasa na wata 30 ba tare da Nijeriya ta ciwo bashin waje domin yaƙin ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Inyamurai da yawa, ciki har da marubuci Chinua Achebe, sun ɗora masa alhakin canjin kuɗi na Janairu 1968, da toshe hanyar abinci da ya jawo yunwa a Biyafara, da kuma fam 20 da aka ba masu ajiya a banki bayan yaƙi komai yawan kuɗin Biyafara da suka kawo. Ya kare kansa a lokacin da yake raye, amma har yau ana muhawara a kan wannan babi na rayuwarsa.

Ya ajiye aiki a 1971 yana jiran a dawo da mulkin farar hula. A nan ma jawabin ranar 'yanci ne ya riƙa yanke masa ƙaddara. A jawabin 1 ga Oktoba 1970 Gowon ya yi alƙawarin miƙa mulki a 1976. A na 1974 ya ce wannan lokaci ba zai yiwu ba. A na 1975 Janar Murtala Muhammed ya yanke 1979. A wannan tsakani aka naɗa Awolowo uban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1975, bayan ya riƙe irin wannan muƙami a Jami'ar Ife.

Sojoji kuma suka waiwayi talabijin. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977 ta kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya, wadda aka sani da NTA, ta haɗe dukan gidajen talabijin na ƙasar a hannun gwamnatin tarayya, har da na Jos wanda ya fara nuna hoto mai launi. WNTV ya koma reshen wannan hukuma a Ibadan. Wato bayan shekara ashirin da 'yan kai, an dawo inda aka fara a 1953: murya ɗaya daga Legas.

Takarar Shugaban Ƙasa

A 1978 ya kafa jam'iyyar UPN da alƙawura huɗu: ilimi kyauta, magani kyauta, raya karkara, da aikin yi ga kowa. A zaɓen 11 ga Agusta 1979 Alhaji Shehu Shagari na NPN ya sami ƙuri'a wajen miliyan 5.7, Awolowo wajen miliyan 4.9. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya samu a jihohi 12, a Kano kuwa ya sami ɗan ƙasa da kashi 20. Awolowo ya ce kashi biyu bisa uku na 19 jihohi 13 ne, lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da kashi biyu bisa uku na ta 13. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya. Ranar 1 ga Oktoba 1979 aka rantsar da shi a Dandalin Tafawa Ɓalewa, NTA tana nuna wa ƙasa baki ɗaya.

Tsarin mulkin 1979 ya sake ba jihohi ikon kafa gidajen talabijin, kuma gwamnonin da ba na NPN ba ne suka fi gaggawar yin haka, saboda kukan da suke yi cewa NTA ta karkata ga jam'iyya mai mulki. Lateef Jakande ya kafa na Legas, Bola Ige na Oyo, Abubakar Rimi na PRP ya kafa CTV a Kano, wanda yanzu yake ɗauke da sunansa. Dalilin da ya haifi WNTV shi ne ya haifi waɗannan. Gidaje masu zaman kansu kuwa sai a 1992 doka ta ba su dama.

Shagari ya ba Awolowo lambar girma mafi daraja ta ƙasa, GCFR, a 1982, amma a zaɓen 1983 suka sake karawa, ya sake faɗuwa. Sojoji suka karɓe mulki a ƙarshen wannan shekara, shi kuma ya koma Ikenne. A can ya rasu ranar 9 ga Mayu 1987 yana da shekara 78. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sa wa Jami'ar Ife sunansa. Hotonsa yana kan takardar naira 100 tun 1999. Matarsa H.I.D. ta rayu har zuwa 2015.

Kammalawa

Awolowo ya nemi shugabancin Nijeriya sau uku, a 1959 da 1979 da 1983, bai samu ba, don haka bai taɓa yin jawabin 1 ga Oktoba ba. Ranar ta same shi yana Firimiya a 1954, yana madugun adawa a 1960, yana fursuna a 1963, yana wanda ya faɗi zaɓe a 1979. Babu ranar hutu ta ƙasa da aka keɓe da sunansa kamar yadda Gana ta keɓe 21 ga Satumba domin Kwame Nkrumah. Amma duk shugaban da ya zauna a gaban kyamara a wannan rana yana amfani ne da abin da aka fara a Agodi a 1959, haka ma duk mai karanta labarai da Hausa ko Yarbanci ko Ibo a talabijin.

Da yawa daga cikinmu masu karatun harshe gidajen rediyo da talabijin ne za su ɗauke mu aiki, a matsayin masu fassara ko masu karanta labarai ko masu shirya wasanni. Tambayar da aka yi a 1953 za ta zo teburinmu: idan aka soki mutum a gidanmu, ya zo yana neman ya mayar da martani, za a ba shi lokaci ko za a hana shi? Macpherson ya hana, gwamnatin Akintola ta hana, an zargi NTA da hanawa a Jamhuriya ta Biyu. Tarihin Awolowo ya nuna cewa kafa sabon gida bai isa ya warware matsalar ba, sai an sami doka da ma'aikatan da za su tsaya a kan cewa gidan na jama'a ne, har da waɗanda ba su zaɓi mai mulki ba.